Ƙarfen Baba Ba Igiyar Shanya Ba Ne

Da Baba ya haura saba'in, gwiwoyinsa suka yi masa tawaye. Likitar gashi ta ce amosanin gaɓɓai ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, tsugunno kuma ya haramta. Ta rubuto mini takarda: masai na zama mai tsayin santimita 43 zuwa 48, ƙarfen riƙo a bango wajen santimita 85 daga ƙasa, tayil mai kaushi, ƙofa kada faɗinta ya gaza santimita 80, kuma ta riƙa buɗewa ta waje, don in tsoho ya faɗi a bayanta kada jikinsa ya tokare ta. Ta ja kunnena cewa karayar ƙugu a jikin tsoho ba ta ɗoruwa da wuri.

Da na karanta wa Baba, sai ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara saba'in ina tsugunnona lafiya, yau za ka ɗora ni kan kujera kamar alƙali? Shari'ar wa zan yanke a ciki?"

Na sayo kaya a Ƙofar Ruwa, na kira birkila. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Oga, santimita kuma? Mu da ido muke awo." Dokin ƙofar banɗakin tsayinsa santimita 15 ne. Ƙa'idar gangara ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi goma sha biyu na tsawo, wato 180 ke nan. Idon birkila ya ba shi taku biyu, ya ce ya tausaya wa simintina.

Na ce kafin a ɗora Baba bari in gwada. Na zauna a keken asibitin da muka aro, na saki birki daga bakin ƙofa. Ban san tsakar gidanmu tana da faɗi haka ba sai ranar. Na wuce turmi, na ratsa kaji, na yi sallama da buhun gawayi da ka. Hajiya, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce wa matata, "Ki ce wa wannan yaron in wasan mota yake so, ya fita waje." Aka fasa gangara, aka sake zubawa da awon tef.

Sai ƙarfen riƙo. Bangonmu bulo ne mai rami, mai aikin kuma ya huda, ya cusa fisha ta roba, ya ɗaure. A Amurka ƙa'idarsu ita ce irin wannan ƙarfe ya iya ɗaukar nauyin kilo 113. Namu an gwada shi da yaron birkila, wanda in iska ta yi ƙarfi sai an riƙe masa riga. Ya yi lilo ya sauka, kowa ya ce ma sha Allah. Ni kuwa na dafa da hannu ɗaya ina yi wa Baba bayani, sai ga ni zaune a ƙasa, ƙarfe a hannuna, garin siminti a gemu. Baba ya ce, "Madalla. To kai za ka riƙa tsayawa kana riƙe mini shi?" Dole aka fasa wurin, aka cika ramin bulon da kankare, aka dasa dogayen ƙusoshi masu noti.

Ranar da aka gama na ɗauka na huta. Ashe gini shi ne mai sauƙin.

Ruwan burtsatsenmu yana barin farin ɓawo a bakin famfo, ya toshe hudojin shawa har ruwan ya riƙa fita ta gefe yana wanke silin. Maganinsa a kwance kan shawar a jiƙa shi cikin ruwan khal ko ruwan lemon tsami ya kwana. Tayil mai kaushi kuwa, kaushin nasa shi ne ma'ajiyar dattin sabulu. In aka bar shi bai ga burushi ba, musamman da damina lokacin da gansakuka ke fitowa, sai ya fi mai sulɓin santsi. Wannan ma ni na gano, da gwiwar hannu.

Autanmu ya ce a bar masa wankin. Don ya burge, ya zuba bilic, ya bi shi da ruwan wankin masai mai asid, wai ƙarfi biyu ya fi ɗaya. Waɗannan biyun in suka haɗu iskar kulorin suke fitarwa, mai shaƙe numfashi, har tana kisa a ɗaki rufe. Kafin ka ce kwabo duk gidan muna lungu muna tari da hawaye, ni da ƙanena mun ɗauko Baba da kujerarsa. Wani maƙwabci ya leƙo yana tambaya ko barkonon tsohuwa aka harba. Tun daga ranar kwalaben nan biyu ba sa kwana wuri ɗaya, kuma ba a wanki sai taga a buɗe.

Babbar fitinar dai ita ce jama'ar gida. Banɗakin ya yi kyau, sai kowa ya tuna yana da ciwo. Hajiya ta ce ai ita ma ƙugunta. Matata ta ce juna biyu gare ta. Baƙi ma da sun zo can ake nuna musu, don a ga mun waye. Yara suka mai da gangara filin sulu, ƙararrawar neman agajin da na saka suka mai da ita abin wasa, har ta kai in ta yi ƙara ba mai motsi. Fitila mai caji da na rataye saboda ɗauke wuta ta koma ɗakin samari. Ƙarfen riƙo kuwa ya zama wurin shanya. Baba ya kai hannu cikin duhu ya dafa, ya damƙo zani jiƙaƙƙe, Allah ne ya sa sandarsa tana ɗaya hannun. Danshin ya sa fentin ƙarfen ya ɓare, tsatsa ta ci, sai da na sauya shi da mara tsatsa.

Wata safiya na tarar da mai banɗakin a tsaye a layi, buta a hannu, yana bayan jikokinsa biyu. Ya ji a rediyo cewa dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Ya ce, "Gwamnati ta ba da shekara biyar. Ni kwana ɗaya na bayar. Gobe duk wanda na kama a ciki, ya shirya nuna mini takardar likita."

A ranar ne ya fito da abin da ke cikinsa. Takardar likita ba ta ce komai a kan alwala ba, mu kuma ba wanda ya tambaye shi. Ashe kullum sai ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil yana kokawar wanke ɗayar, sau biyar a rana. Ya nuna da sandarsa inda yake son dakalin zama, da inda za a sauko da famfo daidai ƙwaurinsa, da gefen da hannunsa mai ƙarfi yake. Awon da ya yi da sanda bai kuskure ko yatsa ba. Sakata ma da muka yi ta gardama a kanta, shi ya yarda a saka makullin da ake iya buɗewa ta waje, bisa sharaɗin sai an yi sallama sau uku.

Yanzu duk Asabar akwai duba-gari. Ina girgiza ƙarfe in ji ko noti ya saki, in goge tayil, in gwada batirin ƙararrawa, in ƙwato fitila daga hannun samari. Baba yana zaune a bakin ƙofa yana ba da umarni. Makon jiya ya kira ni gefe, ya sassauta murya.

"Kai, na yi lissafi. Tunda aka yi banɗakin nan ban faɗi ko sau ɗaya ba. Ka kira mai aikin nan ya ƙara ƙarfe ɗaya daidai tsayinka, ni zan biya."