Alhaji yana kan waya

A Minjibir ta yau, mai son gane wanda Allah ya buɗa wa ba ya buƙatar leƙa rumbu ko ƙirga shanu. Sallama kawai zai yi. Idan aka amsa masa da sakin fuska, aka tambaye shi gida da iyali da gajiya, to wannan bawan Allah har yanzu yana fafutukar neman na cefane. Idan kuwa aka ɗaga masa yatsa ɗaya alamar ya dakata, aka ci gaba da faɗa wa waya "a sauke, a sauke, ga ni nan tafe", to ya yi gamo da babban mutum. Rashin lokaci ya zama rawani, kuma kowa so yake a naɗa masa.

Ba yau mutanen wannan yanki suka fara haɗa sana'o'i ba. Ƙaramar hukumar tana arewa maso gabashin birnin Kano, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 213,794, gonaki kuwa a manne suke da juna, da wuya a ga saura. Bature Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya yi ta bayanin yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, jakuna na kai itace birni suna dawowa da taki. Ƙasa ce ba ta hutawa. Mai ita yana hutawa. Kakan Alhaji manomi ne da damina, yana fama da gero da dawa da gyaɗa da wake. Da an kai amfanin gona gida sai ya koma masaƙa, sana'ar da ta fito da sunan Minjibir, ko ya ɗauki sanda ya tafi cin rani. Sana'a uku ko huɗu gare shi, amma bi da bi. Rana na faɗuwa zare ya daina ganuwa, dole a naɗe saƙa a nufi dandali. Jaki kuma, duk taurin kansa, ba ya kiran maigida ƙarfe biyu na dare ya ce taya ta fashe a hanyar Gezawa.

Jikan ya gaji sana'o'in duka, ya ƙara wasu, ya ce a lokaci ɗaya zai yi su. Yana da rabin shago a Kantin Kwari. Yana da buhunan riɗi a Dawanau suna jiran farashi ya tashi. Yana da fadama a bakin madatsar Wasai, inda ruwan Jakara ke taruwa, ana noma masa latas da tumatir. Ga Adaidaita Sahu biyu da ke kawo balas idan direbobin sun ga dama, ga rumfar POS a Kunya, ga raguna a turke suna jiran babbar sallah. Magabata sun ce taura biyu ba ta taunuwa, shi kuwa shida ya cusa, yana kuma neman wanda zai sayar masa da ta bakwai.

Abin da ya ɗaure wannan kaya duka shi ne wayar salula, wadda ta shigo Najeriya a 2001. Uku yake riƙewa. Ɗaya ta abokan ciniki, ɗaya ta iyali, ɗaya ta masu bin sa bashi. Ta ukun ce kullum ba caji, ta biyun kuma ita ce ake mantawa a mota.

A wajen ta'aziyya ake ganin gwanintarsa. Zai zauna a tabarma ya sunkuyar da kai, a ce a yi wa mamaci Fatiha, ya ɗaga hannu ɗaya, ɗayan yana cikin aljihu yana lallashin wayar da ke kaɗawa. Ana shafawa zai matsa gindin darbejiya, a jiyo shi ƙasa-ƙasa: "Nawa suka taya? Kar ka saki. Allah ya jiƙansa, ba da kai nake ba." A wajen ɗaurin aure, da an ambaci sadaki, kafin waliyyi ya ce ya karɓa Alhaji ya riga ya mayar da kuɗin buhunan masara, ya kuma yanke hukuncin ko ango ya yi riba. Masallatai sun gaji da liƙa takardar a kashe waya. Shi dai yana ganin ba da shi ake ba, tunda a hankali tasa take kuka.

Gida kuwa, yara sun fi sanin hon ɗin motarsa a kan muryarsa. Yana fita suna barci, yana dawowa suna barci. Ranar da ya yi niyyar nuna kulawa, sai ya kama autansa ya ce, "Kai, aji nawa kake yanzu a firamare?" Yaron ya ce, "Baba, ai bara na shiga sakandare." Alhaji ya ce madalla, ya zaro dubu ɗaya ya ba shi, magana ta ƙare.

A nan ya kamata a tsaya kan Hajiya, domin idan ana maganar 'yan kasuwar da aiki ya yi wa yawa, ita ake tsallakewa. Tun asuba ta ɗora sanwa, ta shirya 'yan makaranta, ta matse man gyaɗa ta soya ƙuliƙuli. Ita ce uwar adashin unguwa, lissafin mata da yawa yana kanta. Tana tallar atamfa da turaren wuta a WhatsApp, tana bin bashin anko, tana jinyar surukarta. Amma da za a tambayi maigidan me Hajiya ke yi, amsar a shirye take: "Ba ta komai, tana gida." Ita ma ta gano dabara. Idan gishiri ya ƙare ba ta ɓata bakinta, saƙon murya take tura masa ta layin abokan ciniki, ko da yana kishingiɗe a gabanta. Ta nan kaɗai ake samun amsa da wuri.

Masu lacca sukan kawo misalin ƙasashen waje. Henry Ford ya mayar da ma'aikatan kamfaninsa aikin kwana biyar a mako tun 1926. Faransa ta fara aiki da wata doka a farkon 2017 da ta ba ma'aikaci damar ƙin amsa saƙon ofis bayan an tashi. Madalla da su. Sai dai Alhaji shi ne mai kamfani, shi ne akawu, shi ne ɗan aike, to ƙarar wa zai kai? Hutun ƙarshen mako kuma sai a kai kasuwa: Alhamis ana cin Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. Babu ranar da ba a cin wata kasuwa, saboda haka babu ranar da zuciyarsa ba ta raya masa cewa ana rabon riba ba da shi ba.

Ba a hana shi uzurinsa ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar sun koya wa kowa cewa ƙofa ɗaya ba ta ciyar da gida, ballantana gidan da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa ke ci a ciki. Amma tushen ciwon ba a nan yake ba. Alhaji bai yarda da kowa ba. Makullin shago yana aljihunsa, lissafi yana kansa, babu littafi, yaron shago kuma ba shi da ikon rage naira hamsin sai ya buga waya. Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi fataucin goro tsakanin Kano da ƙasar Gana ta yau, ya kuma yi cinikin gyaɗa, ba tare da ya taɓa ganin salula ba. Wakilai ya ɗora a kan harka ya sakar musu mara. Jikan masaƙi yana son arzikin Dantata, amma ko ma'aunin gero ba zai iya bar wa ɗan cikinsa ba.

Hutu biyu kaɗai ya yarda da su. Na farko Umara, inda yake dawowa da jakunkunan jallabiya da dabino da ba tsaraba ba ne. Na biyu shi ne wanda likita ke rubutawa, bayan jini ya hau an kwashe shi daga bakin shago. Za a ba shi gado a ce sati biyu ba waya, ba lissafi. Kwana ɗaya ake samun biyayya. Washegari masu dubiya sun fara zuwa da lemo da ayaba da rasit, direban Adaidaita ya kawo balas har gefen ƙarin ruwa. Kafin a sallame shi ya gano cewa majinyacin gadon kusa manomin albasa ne, sun yi ciniki buhu arba'in, ya kuma roƙi likita ya zama shaida.