Malam, Muridiya da 'Yan Kallo

Mutanen da sukan ce in kana son sanin halin mutum ka yi tafiya da shi ko ka ba shi ajiya, amma ni, tun da na kalli kashi na shida na zango na biyu na wasan barkwancin nan na Amurka mai suna The Big Bang Theory, wanda gidan talabijin na CBS ya nuna ranar 3 ga Nuwamba 2008, na gane ashe akwai hanya ta uku, wato a haɗa shi da wanda zai yabe shi ba dare ba rana, sa'an nan a koma gefe a zuba ido.

Na farkon waɗanda wasan ya baje a faifai shi ne malami mai ujubu, wanda Allah ya hore wa fahimta ya kuma hana shi kunya. Sheldon Cooper ke nan, masanin fiziks a jami'ar Caltech da ke Pasadena, wanda ya zama dakta yana ɗan shekara 16, har ya ɗauka sauran bil Adama an halicce su ne domin ya sami waɗanda zai yi wa gyara. Da aka roƙe shi ya yi wa sababbin ɗalibai jawabi, maimakon nasiha sai ya yi musu bushara cewa da wuya a sami wanda zai tsinana wa ilmi wani abu a cikinsu. Irin wannan ba ya jin yabo a matsayin alheri, bashi yake ɗaukarsa wanda aka yi jinkirin biya.

A majalisin nan kuwa, inda kowa ya fita ransa a ɓace, akwai wadda zagin ya yi wa daɗi kamar zuma, ita ce Ramona Nowitzki, kuma a kanta nake so in daɗe, domin irinta sun fi malamin ban tsoro. Ta fara da ladabi, ta nemi izinin kawo masa abincin dare, shi kuwa gogan bai ga komai a ciki ba sai abinci na kyauta. Kafin a ankara hadima ta zama waziri, waziri ya zama sarki: ita ke kawo kalaci, ita ke korar abokai daga teburinsa, har ta zauna tana goge masa ƙafa yana rubutu, abin da ko uwa sai ta yi shawara. Daga nan ta shigar da shi halwa ba da niyyarsa ba, ta haramta masa wasannin kwamfuta da littattafan zane da kallon talabijin, in ya yi gardama ta kafa masa hujja da maganganunsa na da, waɗanda ta haddace kamar matani. Wanda ya raina malaman duniya sai ga shi cikin dare yana ƙwanƙwasa bango da alamun Morse, yana neman agaji wurin abokin zamansa Leonard, alhali Leonard bai san ko alif na wannan karatu ba.

Sai 'yan kallo, abokansa Howard da Raj da shi Leonard, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna neman mace ta dube su ko da bisa kuskure, ga shi an kawo wa wanda bai nema ba har gida. Suka jeru suna kallo kamar an ga kaza tana kiran sallah. Akwai kuma maƙwabciya Penny, wadda ba ta ci nanin ba nanin ta ci ta, domin muridiya ba ta yarda akwai macen da za ta zauna kusa da shehinta ba ta kamu ba, saboda haka ta tuhume ta da son Malam.

To, halwa dai ta yi amfani, wannan ba a musu, domin fatahi ya zo, Malam ya warware wata mas'ala mai wuya game da baƙin ramin sararin samaniya. Cikin farin ciki ya tambaye ta da me zai sāka mata, ita kuwa, bayan duk zuhudun nan, sai ta fito da takardar bashi: a sa sunanta kusa da nasa a kan ƙa'idar, a ce Cooper da Nowitzki. Mutumin da ya haƙura da wasa da barci da abokai, ya miƙa ƙafarsa aka goge, aka juya shi kamar waina bai iya cewa uffan ba, nan take ya nuna mata ƙofa.

Ba a jima ba wata ɗaliba ta same shi a ɗakin cin abinci na jami'a, ta ce ta karanta maƙalarsa har ta kasa sukuni, tana roƙon ya ba ta ɗan lokaci. Malam ya yi lissafin ranar, ya faɗa mata irin abincin da yakan ci a wannan dare da inda ake sayo shi.