Yadda Ake Jiran Sabon Jirgin Lilo na Katako Ba Tare da Hawan Jini Ba

A ƙasashen da wuraren shaƙatawa suka zama babbar sana'a, irin su Amurka da Ingila da Jamus, akwai wata jama'a da ba ta da aikin da ya wuce leƙen katanga. Da zarar wani filin wasa ya kewaye fegi ya fara sauke katako, sai su hallara da kyamarori, suna ƙirga ginshiƙai, suna musu a kan inda titin zai karkata. Abin da suke jira shi ne jirgin lilo: 'yan taragu a kan dogo, sarƙa ta ja su zuwa ƙololuwar tudu, sannan a sake su, nauyinsu ya kwashe su zuwa gangare, su hau su sauka babu inji a jikinsu har su dawo inda suka tashi, mutanen ciki suna ta kururuwa da kuɗinsu. Akwai na ƙarfe, akwai na katako, kuma masu son na katako sun fi kowa zafin kai da saurin karaya. To, malam, idan kana son shiga wannan sahu, ko ƙaddara ta kai ka garin da ake gina irin wannan abu, ga shawara kyauta. Tushenta guda ne: duk abin da ake faɗa maka kafin a buɗe jirgin, daga tsayi zuwa gudu zuwa ranar buɗewa, shi ne ɓangaren da ya fi ƙarancin amfani, domin jirgin katako ba a gama gina shi a ranar da aka yanke ƙyalle. Kafintoci ne ke ci gaba da gina shi har ranar da za a rushe shi.

Fara da alƙaluma, tun da su za a fara jefo maka. Haddace su sosai, domin babu abin da ke ɗaga darajar mutum a layi kamar ya faɗi tsayin tudun farko ba tare da an tambaye shi ba. Amma ka haddace su da baki kawai, kada su sauka zuciya. Dalilin yana jihar Ohio ta Amurka. A shekarar 2000 filin wasa na Kings Island ya buɗe Son of Beast, jirgin katako mai tsayin ƙafa 218, mai gudun da ya haura kilomita 125 a sa'a, wanda har yakan kifar da fasinja kai ƙasa ƙafa sama a cikin wani zobe, abin da aka daɗe ba a gani ba a jirgin katako. A takarda ba shi da na biyu. A kujera kuwa, waɗanda suka hau sun riƙa sauka suna dafe da ƙugu. A watan Yulin 2006 wani katako na jikin ginin ya tsage, titin ya ɗan lotsa, jirgi ya ci karo da wurin, aka kwashi mutum 27 zuwa asibiti. Aka cire zoben, aka sauya taragu da marasa nauyi, duk da haka a 2009 aka rufe shi, a 2012 aka rushe. Bai kai shekara goma cikakku yana aiki ba. Yanzu ka juya zuwa jihar Pennsylvania, filin Knoebels, inda Phoenix yake. Tsayinsa ƙafa 78 ne, gudunsa bai wuce kilomita 72 a sa'a ba, kuma kwance ne: an gina shi a 1947 a birnin San Antonio da suna Rocket, aka wargaza shi, aka kwaso katakon aka sake harhaɗawa a 1985. Wannan tsohon na hannu ne ya yi ta lashe kambin jirgin katako mafi daɗi a zaɓen Golden Ticket da mujallar Amusement Today ke shiryawa, shekara bayan shekara. Duk wanda ya san waɗannan labarai biyu, kuma aka ce masa sabon jirgi zai fi kowane tsayi ya kwana bai yi barci ba don murna, to shi ya so.

Abin da ya sa tsayi ke zama wa katako jidali ba ɓoyayye ba ne. Titin irin wannan jirgi jeren alluna ne da ake ɗora wa juna, galibi kamar hawa takwas, a lanƙwasa su a wurin aikin, a ɗaure da ƙusa da noti, sannan a shimfiɗa siririn ƙarfe a inda ƙafafun taragu ke bi. Ƙafafun kansu iri uku ne: na sama da ke ɗaukar nauyi, na gefe da ke hana kaucewa, da na ƙasa da ke riƙe jirgi kada ya tashi sama, dabarar da John Miller ya yi wa rajista a 1919. Kowane wucewar jirgi duka ne a kan waɗannan alluna. Katako kuma yana shan ruwa ya kumbura, rana ta buge shi ya tsuke, noti ya saki, wuri ya lotsa. Ƙarin gudu ƙarin duka ne, kuma ba daidai-wa-daida ba: idan gudu ya ninka, ƙarfin da ke matse titi a kwana yakan ninka sau huɗu. Saboda haka idan ka ga hoton sabon gini ya tokare sama, yi tafi tare da jama'a, ba laifi, amma a ranka ka riƙa lissafa yawan allunan da wani bawan Allah zai riƙa cirewa kowane hunturu.

Sai ranar buɗewa. Ka rubuta ta da fensir. Kada ka sayi tikitin jirgin sama, kada ka ɗauki hutu, kada ka yi wa yara alkawari. Filin Knoebels ɗin nan ya fara gina wani jirgin katako mai suna Flying Turns a 2006, irin wanda taragunsa ke yawo a cikin kwami babu dogo, da niyyar buɗewa ba da jimawa ba. Sai a watan Oktoban 2013 aka bar mutane suka hau. Yaron da aka haifa lokacin da aka kafa ginshiƙin farko ya riga ya shiga firamare. A Dollywood ta jihar Tennessee, an yi shelar Lightning Rod a matsayin jirgin katako na farko da za a harba shi zuwa tudu da ƙarfin maganaɗisu maimakon sarƙa. An tsara buɗe shi a watan Maris na 2016, aka kai Yuni, sannan ya yi shekaru yana buɗewa yana rufewa. Daga baya aka maye wani sashe na titinsa da ƙarfe, a 2024 kuma aka cire na'urar harbawar aka sa masa sarƙa irin ta kakanninsa. Wato abin da aka tara jama'a a kansa shi ne aka fara sallama. Ko Wicker Man na Alton Towers a Ingila, wanda aka gama shi lafiya a 2018, sanyi ya sa an ɗaga buɗe shi da 'yan kwanaki. Ba mugunta ba ce ta masu filin. Kafin a ɗora mutum sai an yi ta zagaya jirgin da gumakan roba cike da ruwa, masu bincike sun sa hannu, kuma ba a yi wa katako gaggawa.

Za a kuma sako maka bidiyon kwamfuta da ke nuna yadda tafiyar za ta kasance. Kalle shi sau ɗari idan ka ga dama, amma ka lura cewa a cikinsa babu layi, babu zafin rana, babu jijjiga, kuma bishiyoyin da ke kewaye da titin sun girma tun kafin a dasa su. Idan kuma aka haɗa da wani sirri, to nan ne za ka ɗaure zuciyarka da igiya. Kafin Kings Island ta buɗe Mystic Timbers a 2017, ta shafe watanni tana tambayar duniya ko me ke cikin wata rumfa da ke ƙarshen titin. Masana leƙen katanga suka duƙufa: wasu suka ce titin zai rufta da jirgin zuwa ƙasa, wasu suka ce za a harba shi da baya. Ranar da aka buɗe, sai ga shi rumfa ce da jirgi ke tsayawa a kan birki yana jiran na gabansa ya bar tasha, ana kunna tsohuwar rediyo, ana haska jemagu ko macizai a bango. Abin dariyar shi ne jirgin kansa yana da daɗi ƙwarai, har ya ci kyautar sabon abin hawa mafi kyau na shekarar, amma waɗanda suka rataya ransu a kan rumfa sun sauko suna tsaki. Sa rai ga ci shi ke kawo jin yunwa.

Wani zai ce wannan duk tsohon zance ne, ai yanzu kimiyya ta yi nisa. Akwai gaskiya a ciki. Kamfanin Intamin ya fito da titin katako da ake yankawa da inji a masana'anta, a kawo shi gunduwa-gunduwa a harhaɗa, kuma jiragen da aka yi da shi, irin su El Toro na jihar New Jersey da aka buɗe a 2006 da gangare mai karkatar digiri 76, sun zo da santsin da ya sa wasu suka rantse ba katako ba ne. Sai dai shekaru ba su san sunan kamfani ba. Colossos na Heide Park a Jamus, wanda aka yi da wannan fasaha a 2001, an rufe shi a 2016 saboda titin ya gaji, kuma sai 2019 ya dawo bayan an sauya titin. El Toro kansa ya ɗan kauce daga dogo a 2021, a 2022 kuma wata matsala a jikin ginin ta jikkata fasinjoji, aka rufe shi na watanni. Fasaha ta jinkirta ranar kiran kafinta, ba ta soke ta ba. Idan kuma mai musun ya koma cewa a sa ƙarfe a titin kowa ya huta, sai ka bar shi da masu tsattsauran ra'ayin katako, waɗanda za su iya kwana suna jayayya a kan ko jirgi mai ginshiƙan ƙarfe da titin katako, irin The Voyage na jihar Indiana, ya cancanci sunan. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce titi ake dubawa, ba ginshiƙi ba, amma kada ka yi tsammanin ƙa'ida za ta raba wannan faɗa.

Wani kuma zai ce, to ai ɗokin shi ne rabin daɗin, me ya sa za a hana mutum? Ba a hana ka ba. Amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake yi, kuma filin da ya zuba miliyoyi yana da haƙƙin ya buga ganga. Abin da ake cewa shi ne ka san inda za ka ajiye ɗokin. Ranar farko ita ce mafi munin ranar yanke hukunci: ma'aikata ba su saba ba, layi ya kai sa'o'i, ƙafafun taragu ba su gama sakewa ba, kai kuma ka zo da jirgin da ka gina a kanka, wanda babu injiniyan da zai iya gogayya da shi. Jirgin katako ma ba ya tafiya iri ɗaya sau biyu. Da safe, lokacin da man ƙafafu ke da sanyi, yakan yi nawa. Da yamma ya ware. Bayan yayyafi ya ƙara wuta. Kujerar gaba ta ba ka kallo, ta baya ta fizge ka a gangare har ka ji ka rabu da mazauninka, wanda shi ne ainihin abin da masu wannan harka ke biyan kuɗi dominsa. Mutumin da ya hau sau ɗaya, da hantsi, a tsakiyar jirgi, ya fito ya rubuta wa duniya hukunci, bai hau jirgin ba tukuna, gaisawa kawai suka yi.

Idan kana son tambayar da za ta nuna kai tsohon hannu ne, bar zancen tsayi, ka tambayi kafintoci nawa filin yake biya albashi, da kuma ko suna taka titin da ƙafa kowace safiya kafin a buɗe ƙofa. Za a dube ka kamar ka ɓata biki, amma a nan amsar take. Filin wasa na Cedar Point ya buɗe Mean Streak a 1991 da tsayin ƙafa 161 da babbar shela. Ya yi ta tsufa yana ƙara kaushi duk da gyaran da ake yi masa, har aka rufe shi a 2016 aka ɗora titin ƙarfe a kan ƙashinsa, ya dawo a 2018 da suna Steel Vengeance. The Beast kuwa, uban wancan Son of Beast da aka rushe, yana nan a Kings Island tun 1979, yana ratsa daji fiye da minti huɗu, kuma a gyaran 2022 an ƙara wa titinsa tsawon ƙafa biyu, daga 7,359 zuwa 7,361, ya karya tarihin tsawon da dama shi ke riƙe da shi. Cyclone na Coney Island a New York yana ɗaukar fasinja tun 1927. Babu ɗayansu da ya rage da katakon da aka fara kafa shi da shi gaba ɗaya; an yi ta cirewa ana mayarwa, allo bayan allo.

Don haka, mai karatu, je ka leƙa katangar, ɗauki hotonka, yi musunka a kan kwana ta uku. Idan an buɗe, bar masu gaggawa su sha layin makon farko, kai ka je da yamma a tsakiyar kaka, ka nemi kujerar baya, ka cire hula ka sa a aljihu. Hukuncinka kuwa riƙe shi sai jirgin ya ga damina biyar.