Ni da Tuta a Gindin Uhudu

Duk wanda ya taɓa zuwa Madina cikin ayari ya san ranar ziyara. An ce mana kowa ya fito ƙofar masauki, mota za ta tashi ƙarfe shida daidai. Sai takwas saura ta tashi, domin wata Hajiya ta koma ɗaki ɗauko filas ɗin kunu, mijinta ya bi sawu nemanta, ita kuma ta sauko ta koma nemansa.

Masallacin Kuba muka fara zuwa, wanda shi ne na farko da aka gina a Musulunci, a shekarar Hijira, 622 miladiyya. Jagoranmu, wani matashin malami mai sanyin murya, ya tuna mana cewa wanda ya yi alwala a masaukinsa ya zo ya yi salla a nan yana da lada irin na Umara. Nan gardama ta ɓarke, don wani Alhaji ya rantse idonsa biyu tun daga masauki, alwalarsa tana nan daram, alhali duk motar ta ji munsharinsa. Kafin a gama yanke hukunci a kan barci mai nauyi da marar nauyi, rabin mintunan da direba ya ba mu sun tafi.

Daga nan sai Uhudu, wajen kilomita 5 arewa da Masallacin Annabi. Malam ya tara mu kusa da maƙabartar shahidai, ya nuna wani ɗan tudu. A shekara ta 3 bayan Hijira, in ji shi, Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 a kan tudun nan, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, ya umarce su kada su bar wurin ko an yi nasara ko ba a yi ba. Da suka ga abokan gaba sun juya baya, yawancinsu suka sauko tattara ganima. Sai Khalid ɗan Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahayansa ta baya. Sahabbai 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, Allah Ya ƙara musu yarda. Jikina ya yi sanyi ƙwarai.

Ina cikin wannan hali Malam ya miƙo mini tutar ayarinmu, 'yar kore da fari ɗaure a sanda, saboda na fi kowa tsawo.

"Alhaji, don Allah tsaya nan, kada ka motsa. Nan za mu haɗu bayan minti goma sha biyar."

To, ku faɗa mini, wane mai imani ne zai ji wancan labari a wancan wuri, sannan a ce masa kada ya motsa, ya motsa?

Jama'a kuwa ko waiwaye babu, suka nufi 'yan tebur, inda ake ta kiran "riyal biyar-biyar, Hajiya!" da Hausa tsantsa. Casbi, turare, kwalli, zobba. Na girgiza kai, na gyara tsayuwa.

Abin da ya faru a bayan idona, daga baya na ji: askar ya kori motarmu daga inda ta tsaya, direba ya koma can ɗaya gefen, Malam ya tattaro mutane daga bakin tebura, ya ƙirga kawuna, lissafi ya cika, aka ja. Na ma ga wata farar mota ta wuce, wata Hajiya tana ɗago mini hannu ta taga. Na kaɗa mata tuta cikin girmamawa. Motocin ziyara duk kamarsu ɗaya, wayata kuma tana cikin jaka, jakar tana kan kujera.

Rana ta ɗaga. Tuta dai tuta ce, sai ga 'yan Najeriya na wasu ayarorin sun fara taruwa a ƙarƙashina kamar kaji sun ga mai tsaba. Wani ya tambaye ni banɗaki. Wani ya kawo ƙarar abincin masaukinsu, wai miyar ba yaji. Da na ga taro ya yi taro, sai na ba su labarin maharba, da ɗuminsa yadda na ji shi. Wata tsohuwa ta share hawaye, ta danƙa mini riyal biyu ta ce, "Malam, a sa mu a addu'a." Jagoransu na gaskiya ya zo ya kwashe su yana hararata.

Mutanen Indonesiya ne suka cece ni. Sun zo a jere, kaya iri ɗaya, ba mai ɗaga murya. Shugabansu ya dube ni, ya duba katin da ke wuyana, ya nuna agogo, ya nuna motarsu. Na yi ta kokawa da zuciyata, amma na yi fatawa da kaina cewa umarnin minti goma sha biyar ba ya hawa kan awa biyu.

Da su na shiga Masallacin Ƙiblataini, wanda ake dangantawa da juya alƙibla daga Ƙudus zuwa Ka'aba a shekara ta 2, na yi nafila a natse. Da su na ga wurin Yaƙin Khandak, inda Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙa rami. Jagoransu yana bayani da yarensu, ina gyaɗa kai inda suka gyaɗa. Har ruwa da ɗan kek aka ba ni. Mutanena kuwa, ashe ta taga suka ga wuraren nan biyu, "ku duba dama, ku duba hagu", wai lokaci ya ƙure.

Inda lokaci ba ya ƙurewa shi ne gonar dabino, matattarar duk motocin ziyara. Can na iske su, sun fi awa guda ana cinikin ajwa, ana ɗanɗanawa fiye da yadda ake saye. Malam ya hango ni, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Alhaji, ai tutar nan muke ta nema!"

Na ce, "Malam, yaya aka yi lissafi ya cika?"

Amsar tana kan kujerata: wani dattijo daga Damagaram, ɗan wani ayari dabam, ya yi matashi da jakata yana barci. Na taɓa shi a hankali na ce, "Baba, wurina ne." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Ɗana, tun daga Uhudu nake nan. Nemi wani wuri."

Ina tsaye a tsakiyar mota ina tunanin abin yi, sai Hajiya mai filas ta matso da kwalayen dabino uku.

"Alhaji, an ce kai ne mai riƙon amana. Riƙe mini waɗannan, na manta ban sayi na kishiyata ba."