Yadda Ake Lallashin Kujerar da Ta Ƙi Kwanciya

Kujerar kishingiɗa aikinta ɗaya ne a duniya: ka jingina, ta kwanta da kai, ta tsaya a nan har gyangyaɗi ya zo. Alkawarin ke nan tun 1928, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu, Edward Knabusch da Edwin Shoemaker, suka ƙera irinta da katako a garin Monro na jihar Mishigan a Amurka, abin da ya fito da sunan La-Z-Boy. Amma akwai wadda da zarar ka lumshe ido bayan tuwon rana sai ta zabura da kai zaune, kamar ɗalibin da ya ji takun hedimasta. Maigida, kada ka yi fushi da ita. Ga magani.

Na farko, wanke waɗanda ake zargi. Ba sammu ba ne, ba kuma laifin tumbinka ba ne. A janye turmin da aka tokare ƙafar kujerar da shi, a mayar wa uwargida kayanta. Yawanci matsalar noti ne, ko sifirin, ko sukurun da ya saki.

Na biyu, sallami yara zuwa tsakar gida, domin ƙarafan cikin nan suna datse yatsa. In mai amfani da lantarki ce, zare wayarta daga bango. Nemi mutum ɗaya ya kama maka, ku kife ta a kan tabarma, ka haska tocila. Za ka tarar da rimot ɗin da aka yi wata guda ana cigiya, da cokali biyu, da makullin da aka fasa kwaɗo saboda shi. Yi hamdala, ka ci gaba.

Na uku, nemi noti mai kunnuwa. Da yawa daga kujerun da ake turawa da baya suna da irinsa guda biyu a ƙasa, dama da hagu, kowanne a kan ɗan sifirin. Su ne ke riƙe majingina a inda ka ajiye ta. Murɗa kowanne ta dama, rubu'in zagaye kawai, kuma daidai wa daida. Adalci ake so a nan: in ka fifita ɗaya, kujerar za ta karkace, ƙugunka ne zai biya. In ta yi tauri fiye da kima, sassauta kaɗan, amma kada ka kwance notin gaba ɗaya.

Na huɗu, in matakin ƙafa ne ke faɗuwa, duba sifirin da ke riƙe shi. Wani ya zame ne daga maƙalinsa, filaya ta ishe shi. Wani ya miƙe ko ya tsinke. Cire shi, ka tafi da shi kasuwa a hannu a ba ka mai tsawonsa da kaurinsa. Robar tayar keke ta yi wa al'umma hidima da yawa, amma wannan kujerar ta fi ƙarfinta.

Na biyar, bi kowane sukuru da sifana ko sukurudireba, ka ɗaure wanda ya saki. Goge ƙurar hunturu da tsumma. Ɗiga mai kaɗan a gaɓoɓin da ke juyawa, amma kada ya taɓa wurin noti mai kunnuwa, domin da gogayya yake riƙe ka, santsi kuwa ƙara masa taurin kai zai yi. Man gyaɗa a bar shi ga ƙosai. A ƙarfe danƙo yake yi, ya tara ƙasa.

Na shida, gwaji. Mai kujera shi zai hau, tun da nauyinsa ake aunawa. Kada a aiko Auta, wanda iska ma ke ɗauka.

In ka ga ƙarfe ya tsage ko katako ya karye, ajiye sifana ka kira mai walda ko mai gyaran kushin, ka biya shi da daɗin rai. Sannan a kafa doka a gidan, har ga baƙi: duk wanda ya tashi ya mayar da matakin ƙafa ya rufe, domin mai rarrafe ba ya ganin rami ya wuce bai leƙa ba.