Akwatin Inna da Turancina

A unguwarmu ta Jekadafari ni ne mai karanta wa mutane takardar asibiti da saƙon banki, har yara na kirana Bature. Ranar da Inna za ta tafi Ingila duba jikokinta, Turancin nan ya kwance mini zani a kasuwa.

Yaya ne ya turo saƙo ta WhatsApp. Shi tun da ya haye, yatsunsa suka daina jin Hausa. Wai in yi wa akwatin Inna "lighten" kafin mu tafi filin jirgi. Na san "light" dai wuta ce, ko yaron goye ya san wannan in an kawo nepa. Na buɗe ƙamus don kore shakka, idona ya faɗa kan ma'anar farko: haskaka abu, sa shi ya yi fari. Na rufe littafi. Akwatin Inna baƙi ne wuluk, na ce lallai Yaya na tsoron ya saje da baƙaƙen akwatunan Turawa. Kai, ilimi da daɗi!

Na haye acaɓa sai Babbar Kasuwa. Mai shagon farko da na furta wa kalmar ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo man bilicin, yana tambaya na Hajiya ne ko nawa. Ashe nan ma kalmar tana da ɗaki. Na wuce wajen masu fenti, na sayi fari gwangwani guda, na yi wa akwati shafi biyu. Don kada a ce aikin ganin ido na yi, na cusa tocila mai batir uku tsakanin daddawa da kuka, kusa da waken da Inna ta auno a Tudun Hatsi.

A filin jirgin Lawanti aka ɗora akwati kan sikeli: kilo 31. Iyaka kuwa 23. Fentin bai gama bushewa ba, ya kama hannun ma'aikacin, ya kama gefen mayafin Inna. Na kira Yaya ina haki, na zayyana masa aikina. Ya yi shiru har na ɗauka kati ne ya ƙare.

"Bature," in ji shi, "nauyi na ce ka rage."

Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kuɗin makarantarka dai Allah Ya ba mu lada."

Da na koma gida na sake buɗe ƙamus. Layi ɗaya kacal a ƙasa, ga su jere: rage nauyi, sauƙaƙa, sassauta, har da faranta rai. Wani abokina malamin Turanci ya ce asalinsu kalmomi biyu ne daga tushe daban-daban, ɗaya ta haske, ɗaya ta rashin nauyi, suka zo suka shiga riga ɗaya. Na fara zagin Turawa, ya tuna mini cewa mu ma muna da gari na zama da gari na tuwo. Na ce namu ai murya na raba su. Ya ce a rubuce fa? Na canza zance.

Waken da muka zazzage a filin jirgi, mako biyu muna cin alale da shi. Tocila kuwa ta isa Landan lafiya, kuma Inna ta ce duk cikin fasinjojin ita ta fara gane akwatinta.