Wasiƙa zuwa ga Lasisin Rediyon 'Yan Sha'awa

Ranka ya daɗe Malam Lasisi,

Ina fata kana nan lafiya a kwamfutar FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, inda ka tare tun da aka daina aiko ka ta gidan waya. Mu masu kafa eriya a bayan gida muna hira ta iska, duk muna gaishe ka.

Ba na kuka da tsawon ranka. Shekara 10 ba wasa ba ce. To amma wa ke riƙe kwanan watan abin da aka ba shi tun yaransa suna firamare? Ga shi kuma ba ka son mai sammako: ƙofar sabuntawa ba ta buɗewa sai saura kwana 90. Tun Afrilun 2022 ka ƙara da neman dala 35, a biya cikin kwana 10 ko a yi watsi da takardar. Wannan mun ji, mun biya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shekara 2 ɗin nan na bayan cikar wa'adinka da kake kira rangwame. Wanda ya shigar da takardarsa kafin wa'adi ya cika, ko da a ranar ƙarshe ne, yana iya ci gaba da magana har hukuma ta yanke. Wanda ya makara da kwana ɗaya kuwa, sai ya shiga idda. Lambar kiransa tana nan, ba a ba kowa ba. Ana iya kome ba tare da sabuwar jarrabawa ba. Amma kafin sunansa ya sake fitowa a rajista, kada ya kuskura ya danna makirufo.

Akwai wani dattijo a ƙungiyarmu da ya ci jarrabawarsa tun ana gwada mutum da ƙwanƙwasar Morse, wadda aka soke a 2007. Lasisinsa ya ƙare yana kwance a asibiti. Da ya dawo, sai ya zauna gaban na'ura da yamma, shayi na hucewa, yana jin abokai suna kiran lambarsa, suna cewa ko lafiya. Saurare ba laifi ba ne, kowa ma yana iya yi. Babban yatsansa na kan maɓalli, ya ɗaga, ya mayar, ya ɗaga. Daga ƙarshe jikansa, wanda ya amsa tambaya 35 ya samu ƙaramin lasisi bara, shi ya kunna tasa oba-oba, ya faɗi tasa lambar, ya miƙa wa kakan, ya tsaya a kansa yana gadi. Doka ta yarda da haka. Yaron har da cewa, "Kaka, a taƙaita."

Na san hujjarka, kuma ba ta banza ba ce. Iskar ta kowa ce, dole a san wanda ke magana, shi ya sa ma muke faɗin lambarmu duk minti 10. In shekara biyun ta wuce, sai a koma aji, lambar kuma wani ya iya nema. Ban ce a sassauta ba.

Roƙona ɗaya ne. Tun da ba ka iya tari ko gyaran murya idan ajalinka ya matso, ka yi haƙuri da abin da zan yi maka: zan buga ka a takarda, in zagaye kwanan watan da jar biro, in manna ka a ƙofar firij, kusa da takardar kuɗin wuta. Kada ka ɗauka raini ne.

73, kamar yadda muke sallama a iska. A gaida mutanen Washinton.

Naka,
Wani mai ƙaramar tasha